Shaidar Kabira Mai Turare

Duk wanda ya zauna a unguwar Tandabawi ta Makka kafin a fara rushe gidajen kan dutse ya san ƙofar Kabira, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Hanci ne ke kai mutum. Tun daga ƙasan matakala za ka fara jin ƙamshin sandal da hawi, ka yi ta bin hayaƙin har ka iske ta a kan tabarma, kasko a gabanta, tana juya icen turare cikin narkakken sukari. Khala Kabira ake ce mata, irin kiran Larabawa. Amare daga unguwanni masu nisa sukan aiko a haɗa musu humra, ita kuma ba ta taɓa yi wa kowa da gaggawa ba.

A hanya aka haife ta. Iyayenta sun baro Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji, suna tafiya suna yada zango, su yi noma a nan, su yi cirar auduga a can. A wani ƙauye na Sudan ta zo duniya, cikin bukkar 'yan ƙwadago, kuma babu wanda ya rubuta ranar. Mahaifinta ya rasu kafin su ga teku. Abin da ta riƙe game da shi bai wuce faɗin bayansa ba, lokacin da yake ɗauke da ita a kafaɗa suna ratsa wata gona mai fari fat. Fuskar ta ɓace mata tuntuni. Mahaifiyarta ce ta ƙaraso da ita Makka, da sana'ar turaren da ta koya wurin matan Chadi da suka yi tafiya tare.

Ta auri Issoufou, mutumin Damagaram, mai dakon kayan alhazai. Ta yi ɓari sau da dama kafin Allah ya bar mata guda, namiji, aka sa masa Abdulmuhaimin. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Yaron nan" take cewa, tun yana rarrafe har ya yi furfura a gemu. Issoufou ya rasu yaron yana saurayi. Da aka shafa wa gidansu na Tandabawi jan fenti, alamar za a rushe, yaron nan ne ya kwashe ta da kaskonta da kwalabenta ya kai ta wani ɗan gida a unguwar Zahir, hawa na biyu, inda taga ke kallon bayan kasuwa.

Abdulmuhaimin direba ne. Matarsa Khalida haifaffiyar Makka ce, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai ta riƙa tsintowa kalma-kalma idan za ta yi magana da surukarta. Sun shekara fiye da goma babu ko ɓatan wata. Kabira ba ta taɓa ce musu komai ba. Ta san yadda jira yake cin mace, don ita ma ya ci ta.

Wata rana bayan la'asar Abdulmuhaimin ya shigo ɗakinta ya zauna a bakin tabarma, yana murza makullin mota.

"Inna, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ina jin ka."

"Wani likita a Jidda ya ce akwai hanya. Za su ɗauki nawa, su ɗauki nata, su haɗa a waje. In ya kama, sai su mayar mata."

"A waje ina?"

"A cikin wani ɗan gilashi."

Ta ɗaga kai ta dubi kwalaben humrarta da ke jere a kan taga, rana tana ratsa su.

"Malamai sun yarda?"

"Sun yarda, Inna. In dai na miji da matarsa ne, kuma auren yana nan."

"To, Allah ya sa albarka."

Ba ta ƙara tambaya ba. Amma daga ranar, idan ta ɗaga kwalba tana duba ko haɗin ya nuna, sai ta tsinci kanta ta daɗe tana kallon abin da ke yawo a ciki.

Na farko bai kama ba. Na biyu ma haka. Khalida takan dawo daga Jidda ta shige ɗaki, Kabira ta kunna mata turare a bakin ƙofa ta koma. Karo na uku an yi shi ana gab da hajji. A shekarar ne Abdulmuhaimin ya sami aikin kai ruwa da abinci tantunan Arfa. Ya fita da safe yana dariya, yana ce wa Khalida kada ta kuskura ta ɗaga ko buta. Abokan aikinsa sun ce da rana ta take ya sauka ya zauna a inuwar motar, ya jingina da taya kamar mai hutawa. Da suka zo tashinsa ya riga ya tafi. An yi masa salla a Harami tare da alhazan da suka rasu.

Khalida tana cikin takaba ta gane cikin ya zauna.

A watannin nan Kabira ta ajiye kasko. Barci ya koma ɗaukarta da rana, a zaune, ba ta san lokacin da yake zuwa ba. Sai ta ga yaron nan ya gilma ta bakin ƙofa da ƙaramar jallabiyarsa ta makaranta, ko ta ji takunsa a matakalar Tandabawi, matakalar da yanzu babu ita. Wani lokaci gonar audugar ce take dawowa, ta ga mutum biyu suna tafiya a gaba, sun ba ta baya, ba ta iya rarrabe wane ne ubanta wane ne ɗanta. Idan ta farka takan iske Khalida ta ajiye mata shayi har ya huce. Su biyu suka zauna a gidan kamar masu jiran jirgi, cikin yana girma a tsakaninsu.

Mace aka haifa. Khalida ta ce a sa mata Lujain, sunan da uban ya zaɓa tun kafin a san za a samu. Wanda ya kamata ya yi mata huɗuba shi ne Awwalu, ƙanin Issoufou, baffan marigayin, dattijo mai sayar da carbi da dadduma a kasuwar Zahir. An aika masa bai zo ba. Limamin masallacin layinsu ne ya yi.

Da Khalida ta je yi wa jaririyar takardar haihuwa, aka ce mata tunda uban ya rasu kafin haihuwa, sai ta kawo hukuncin kotu da ya tabbatar da nasaba, kuma kotu za ta so jin dangin uba. Ba tare da wannan ba, yarinyar ba ta da sunan uba a rubuce, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, makaranta ma nan gaba sai an sha wuya.

Kabira ta yafa mayafi ta tafi shagon Awwalu da kanta. Ya tashi da sauri ya ba ta kujerarsa.

"Yaya, da kin aiko ai da na zo."

"An aiko maka ranar suna."

Ya sunkuyar da kai, yana jan carbin da ke hannunsa.

"Yaya, wallahi ba mugunta ba ce. Yaron nan ɗana ne, a hannuna ya girma. Amma ni za a ce in tsaya in ce na shaida. Me na gani? A hannun baƙi aka haɗa abin nan, a ɗakin da ke cike da na mutane. In an yi musanya fa? In liƙa wa mamaci 'yar da ba tasa ba, ranar gobe in ce da Allah me?"

Abin da ya faɗa a fili shi ne abin da ke kwance a ƙasan zuciyarta tun ranar da aka miƙo mata jaririyar. Ta sha tsura wa yarinyar ido tana neman ɗanta. Wata rana ta gan shi a goshi, washegari ta nema ta rasa. Ba ta taɓa goya ta ba. Takan karɓa ta riƙe na ɗan lokaci, ta mayar.

Da ta koma gida Khalida ta dube ta, ta gane.

"Ya ƙi?"

"Tsoron Allah ne ya hana shi, 'yar nan. Ba ƙiyayya ba."

"Ke fa, Inna?"

Kabira ta kawar da kai, ta dubi taga.

"Har ke," in ji Khalida a hankali. Ta faɗi wani abu da Larabci, ta sake nemo shi da Hausa. "Ni na sha allurai. Shi ya riƙe hannuna ranar da aka sa ta. Ya ce, wannan ce, ina ji a jikina. Yanzu ba ya nan ya faɗa muku."

Ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki. Ba ta buga ƙofa ba, turawa ta yi sannu, wanda ya fi yi wa Kabira ciwo.

Ranar zaman kotu su uku suka je, da Awwalu a bayansu, ya zauna nesa. Ɗakin yana da sanyi, ga haske fari ko'ina, har Kabira ta ji kamar ba a ƙasa take ba. Alƙalin ya karanta takardar aure da ta asibiti, ya ga an yi dashen mijin yana raye, auren yana nan. Ya saurari Awwalu har ya gama, bai katse shi ba. Sannan ya juyo wurin Kabira, ya yi mata magana da Larabci mai sauƙi.

"Ya Hajja, mece ce alaƙarki da marigayin?"

"Ni na haife shi."

"Faɗi sunansa."

Ta dubi Khalida, ta dubi Awwalu. Shekara arba'in da wani abu tana kewaye sunan nan kamar yadda ake kewaye rijiya.

"Abdulmuhaimin," ta ce. Muryar ta fito siririya, kamar ta wata. "Abdulmuhaimin ɗan Issoufou."

Sunan ya yi mata daɗi a baki, har ta ji haushin shekarun da ta hana kanta. Ta sake maimaita shi a hankali, ba wanda ya tambaye ta.

Alƙalin ya ce a shari'a auren ya isa, amma tunda dangin uba suna da shakka, kuma ba ya so yarinyar ta girma ana raɗa a bayanta, zai sa a yi gwajin ƙwayoyin halitta. Uban ba ya nan, amma uwarsa tana nan. Da ita za a gwada.

Kabira ta ɗauka jini za a ɗiba, mai yawa. Ranar ta ci dabino, ta sa rigarta mai faɗin hannu don a sami jijiya ba wahala. Ma'aikaciyar da ta karɓe su, wata mai fara'a da ake kira Jawahir, ta ce ta buɗe baki kawai. Ta goga mata wani ɗan tsinke mai auduga a cikin kunci, ta sa a kwalba ta rufe. Ta yi wa Lujain haka, yarinyar ta yamutsa fuska ta ci gaba da barcinta.

"Shi ke nan?" in ji Kabira.

"Khalas, ya Khala."

"Yawu kawai? Me za ku gani a yawu?"

Jawahir ta yi murmushi. "Abin da kika ba ɗanki yana nan a jikinki. In shi ya haife ta, ya ba ta wani abu daga ciki. Shi za mu nema."

"Har yanzu yana nan? Bayan ya tafi?"

"Yana nan. Na mahaifinki ma yana nan, da na mahaifiyarki."

A mota Kabira ta rufe bakinta, tana taɓa cikin kuncinta da harshe. Ashe duk tsawon shekarun nan mutumin da ta manta fuskarsa yana tare da ita, ta shigo da shi Makka bai sani ba, ya yi ɗawafi sau ba adadi. Gidajen Zahir suna wucewa ta taga kamar a cikin ruwa. Ta ji ta cika da mutane, ita da take ganin kowa ya watse ya bar ta.

Sakamakon ya ɗauki makonni. A cikinsu ne wata rana da hantsi Khalida ta sauka sayen magani, ta bar Lujain tana barci. Yarinyar ta farka ta fasa kuka. Kabira ta ɗauke ta, ta jijjiga, ba ta yi shiru ba. Ta zaga ɗaki da ita, a banza. Ba tare da ta yi shawara da zuciyarta ba ta sunkuya, ta ɗora ta a baya, ta jawo zane ta ɗaure. Hannuwanta suka yi ɗaurin da kansu. Ɗumin yarinyar ya ratsa ta, kukan ya koma ajiyar zuciya, ɗan kuncin ya kwanta a tsakanin kafaɗunta. Sai ta ji tana rera wata waƙa da mahaifiyarta kan yi a hanya, wadda rabin kalmominta sun zube, tana cike gurbin da gunguni.

Haka Khalida ta iske su. Ta tsaya a ƙofa da ledar magani a hannu.

"Ki yafe mini, 'yar nan," in ji Kabira, ba ta daina rangaji ba. "Su faɗi abin da za su faɗa. Ni dai na goya."

Khalida ta ajiye ledar, ta zo ta gyara wa yarinyar kai, ta bar hannunta a kafaɗar tsohuwar.

Ranar da aka koma kotu, alƙalin ya karanta sakamakon ba tare da jan rai ba. Gwaji ya nuna Lujain jikar Kabira ce ta wajen ɗa. Ya yanke hukunci cewa ita 'yar Abdulmuhaimin ce, a rubuta ta da sunansa, tana da duk abin da 'ya take da shi a wurin uba. Awwalu ya tashi tun ba a kira shi ba, ya ce yanzu ya shaida. A farfajiyar kotu ya miƙa hannu, Khalida ta ɗan yi jim kafin ta ba shi yarinyar. Ya kai bakinsa kunnenta ya yi kiran salla a hankali, ko da yake an riga an yi mata tuntuni. Ranar Juma'a ya aiko da rago.

Kabira ta ɗauka an gama. Sai ga waya daga asibitin Jidda. Ashe a karon ƙarshe ba guda ɗaya ya kama ba. Akwai biyu da aka ajiye a sanyi, da niyyar in Allah ya raya su su dawo nan gaba. Yanzu da mijin ya rasu aure ya yanke, ba za a dasa su ba. Ana so Khalida ta zo ta amince a fitar da su.

"Ban faɗa miki ba, Inna," in ji Khalida. "Ni kaina na hana zuciyata tunawa."

"Tare za mu je."

Suka je da Lujain a bayan Kabira. Likitar ta yi musu bayani a tausashe, cewa ba a busa musu rai ba, ko ƙwayar gero ta fi su girma nesa ba kusa ba. Kabira ta ce ta ji, amma tana so ta ga inda suke. Aka yi ɗan shawara, sannan aka kai su bakin wata taga ta gilashi. A ciki akwai manyan tulunan ƙarfe a jere, shiru, ba abin da ke motsi. Likitar ta nuna ɗaya.

Kabira ta daɗe a tsaye. Ta yi ta neman addu'ar da ta dace, ba ta mamaci ba, ba ta jariri ba, ta rasa. Ta tuna nata da suka zube tun ba su zama mutane ba, waɗanda ba ta taɓa yi wa bankwana ba. A ƙarshe ta ɗora tafin hannunta a gilashin ta karanta Fatiha, ta ce da Hausa, kamar mai sallamar baƙi a bakin zaure, "Mun gode da zuwa. Ga 'yar'uwarku nan, za mu riƙe ta."

Khalida ta sa hannu a inda aka nuna mata, suka fito.

A hanyar komawa Makka direban ya tsaya shan mai, Khalida ta sauka ta sayo musu gurasa mai zafi. Suna ci a mota Lujain ta miƙo hannu daga cinya ta fizge guntun da ke hannun kakarta, ta cusa a baki, ga shi ko haƙori ɗaya babu. Khalida ta tuntsire da dariya har ta ƙware, dariyar da Kabira ba ta ji ba tun kafin hajjin bara.

Yanzu Lujain tana gudu a tsakar gida. Khalida ta sami aiki a wani ɗakin girki da ke dafa wa masu Umra, don haka yini guda yarinyar tana wurin kakarta. Idanun Kabira sun yi rauni, amma ta koma kan kasko, sai dai kaɗan-kaɗan take yi, na waɗanda suka matsa. Yarinyar tana yi mata Larabci, ita tana mayar mata da Hausa, kuma suna fahimtar juna sarai. Bayan azahar sukan kwanta a tabarma ɗaya ƙarƙashin fanka, Lujain ta ce sai an ba ta labari. Kabira takan fara, amma yawanci ita barci ke riga ɗauka, yarinyar ta ƙarasa labarin da kanta, tana yi wa silin bayani.